Mastura da Mai Jan Biro

Ranar da Mastura ta fara ganin Fauzan, a makare ta shigo aji, lema na ɗiga a hannunta, farar rigar ɗakin gwaji na leƙowa daga jakarta. Ruwan tsibirin Penang ba ya sallama in zai sauko, kuma ya raka ta tun daga sashen harhaɗa magunguna har ginin adabi. Kujera ɗaya ce ta rage a gefen teburin, kusa da wani dogon saurayi da rana ta dafa wa fata. Ya janye littattafansa ya ba ta wuri, bai ko ɗago ba.

Su goma sha huɗu ne a ajin, kuma babu ko ɗaya da rubutu ne babban karatunsa. Akwai mai lissafi, akwai mai zanen gine-gine, akwai 'yan jarida biyu. Kowa ya ɗauki rubutun ƙirƙira ne a matsayin ƙaramin fanni, irin wanda jami'a ke barin ɗalibi ya haɗa da babban karatunsa. Malamarsu Dakta Rohana, wata gajeruwar mata mai saurin magana, ba ta tsaya dogon gabatarwa ba. Ta ce kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan hannun wani da ya sani, minti ashirin, sannan ya tashi ya karanta.

Da layi ya zo kan saurayin nan, ya miƙe da takardarsa. Ya buɗe baki, harafin farko na sunansa ya maƙale. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi, sunan ya ƙi fita. Wasu a ajin suka sunkuyar da kai. Sai kawai ya juyo ya miƙa wa Mastura takardar, da wani ɗan murmushi na wanda ya saba da wannan hali.

Ta karɓa ta fara karantawa. Sunansa Fauzan, ɗan Kuala Perlis, yana karatun halittun ruwa. Ya yi rubutu ne a kan hannun mahaifiyarsa mai shanya kifi. Ya ce sai ta wanke hannu da lemon tsami sau uku kafin ta taɓa littafinsa na makaranta, don kada yara su yi masa dariya. Da aka kai shi makarantar kwana kuwa, sai ya riƙa buɗe littattafan yana shinshinawa, ko zai ji abin da ta wanke.

Da ta kai ƙarshe, ta kalle shi sosai a karo na farko. Shi kuwa yana can yana kallon farcensa kamar ba shi ya rubuta ba.

A sati na biyu Dakta Rohana ta haɗa su bibbiyu, kowa ya riƙa duba rubutun abokinsa. Mastura ta faɗo hannun Fauzan, har tana murna a ranta. Murnar ba ta kwana ba. Ta ba shi labarinta na farko, shafi shida da ta sha wahala a kansu, ya dawo mata da shi jajir kamar an yanka kaza a kai. Duk inda ta rubuta cewa zuciyar yarinya ta karye, ya ja layi ya tambaya a gefe: me hannunta yake yi a lokacin?

Tana fita daga aji ta tura masa saƙo.

"Malam mai jan biro, in ba ka son labarina ka faɗa min kawai. Ba sai ka zubar masa da jini ba."

Ba a yi minti biyu ba amsa ta shigo.

"Shafi na huɗu, inda tsohuwar ke ƙirga kajinta alhali ta san an sace ɗaya, na karanta sau biyar. Ban taɓa shi ba. Sauran shafukan nake so su kamo shi."

Ta buɗe shafi na huɗu. Fari fat, ko ɗigo babu. Ta tsaya a bakin matakala tana murmushi ita kaɗai har wata ƙawarta ta tambaye ta ko lafiya.

Daga nan abin ya fara. Duk Alhamis bayan aji sukan zauna a kantin abincin jami'a, shayin madara mai kumfa a gabansu, takardu a baje. Ta gano cewa in suna su biyu in'inarsa takan yi sauƙi, in kuma ta taso, abin da ya fi tsana shi ne a ƙarasa masa magana. Sai ta koyi jira. Kuma duk lokacin da ta jira, abin da ya fito yakan biya ta. Ba ta taɓa ganin mutum mai sauraro irinsa ba. Mai sharar kantin, direban bas, tsohon da ke gyaran takalma a bakin ƙofa, kowa sai ya tsinci kansa yana ba Fauzan labarin da bai yi niyya ba.

Ta taɓa tambayarsa yadda yake yi. Ya rubuta mata a bayan takardar kunshin abinci: wanda bakinsa ke masa rowa, kunnensa yakan yi kyauta.

Shi ne ya fara taƙaita sunanta zuwa Mas, wato zinariya. Ita kuma ta ci gaba da ce masa mai jan biro, har ranar da bakinta ya suɓuce ta ce masa Abang, yadda mace ke kiran wanda ta ba wa zuciya. Dukansu suka yi kamar ba su ji ba, amma kunnuwan Fauzan sun yi ja fiye da bironsa.

Wata Asabar aka ba su aikin zama a cikin jama'a su rubuta maganganun mutane yadda suke fitowa. Suka hau jirgin fito da ke tsallakawa Butterworth, suka je suka dawo sau uku. A dawowa ta uku ne, iska na kaɗa mayafinta, Mastura ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa da baki ba.

Mahaifinta Haji Ramli, wanda take kira Abah, yana da kantin magani a garin Yan, can jihar Kedah, tsakanin gonakin shinkafa da teku. Mahaifiyarta ta rasu shekara tara da suka wuce. Tun daga ranar bai bari an taɓa ɗakin ɗinkinta ba. Kullum da safe kafin ya tafi kanti sai ya shiga, ya goge keken ɗinkin, ya zauna ya gaya mata labarin jiya: wanda ya haihu, wanda ya rasu, yadda shinkafa ta yi. A waje kuwa mutum ne mai kaushi, ba ya dariya da yawa, kuma har yau yana zaton ƙaramin fannin da 'yarsa ta ɗauka harkar kasuwanci ce, don ta riƙe kanti bayansa.

Fauzan ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, wannan ba labarin rubutawa ba ne, na ajiyewa ne. Game da ƙaryar kuwa, ya ce gara ta faɗa wa Abah da bakinta kafin takarda ta faɗa masa. Ta ce za ta faɗa. Ba ta faɗa ba.

A ajin akwai Elina, ɗaya daga cikin 'yan jaridar, kyakkyawa mai kaifin baki, wadda dubban mutane ke bin rubutunta a waya. Tun ranar farko idonta ya sauka a kan Fauzan. Takan kawo masa waƙoƙinta ya duba, takan ce su biyu ne kaɗai marubutan gaske a ajin. Yakan duba ya mayar, da ladabi, ba ƙari. Da Mastura kuwa Elina ba ta da laifi a fuska. Har littafin atisayenta ta taɓa ara na kwana biyu, lokacin da zazzaɓi ya hana ta zuwa aji.

A zango na biyu Dakta Rohana ta kawo sabon tsari. Kowa zai miƙa labari babu suna, a raba wa aji, a tattauna shi ba tare da an san mai shi ba. Ranar da abin ya faru, Mastura ta karɓi takardar da aka raba tana hira, ta kai ido kan layin farko, sai ta yanke hirar.

Labarin wani mai kantin magani ne a ƙauye, wanda ke hira da keken ɗinkin matarsa da ta mutu. An mai da shi abin dariya. An sa shi yana zuba wa keken shayi, yana kishi in wani ya kalle shi. Rubutun na da daɗi, abin da ya fi ciwo ke nan, don tun kafin a kai shafi na biyu wasu sun fara ƙyalƙyala.

Mutum ɗaya ta faɗa wa. Ta juya ta kalli Fauzan, ta ga fuskarsa ta canja, ta ɗauka kunyar wanda aka kama ce. Ta tattara jakarta ta fice.

Saƙonsa ya same ta a kan matakala.

"Mas, ba ni ba ne. Ki tsaya ki ji."

Ta amsa nan take.

"Ka ce na ajiyewa ne. Ashe a aljihunka ka ajiye. Kada ka ƙara kira na da wannan sunan."

Ta toshe lambarsa. Sati uku ba ta taka ginin adabi ba. Ta nutse a ɗakin gwaji tana auna hoda da ruwa, tana gaya wa kanta cewa dama nan ne wurinta, inda abu in an ce gram biyu ne, gram biyu ne. In ta hango shi daga nesa sai ta canja hanya. Sau ɗaya ya tsaya a bakin sashensu tun azahar har la'asar, ta fita ta ƙofar baya.

A sati na huɗu ta je ofishin Dakta Rohana da takardar ajiye darasin. Malamar ta karanta, ta ajiye a gefe, ta ce ba za ta faɗi wanda ya rubuta labarin ba, don alkawari ta yi wa aji. Amma abin da aka yi a fili bayan fitarta, wannan ba sirri ba ne.

Ta ce Fauzan ne ya fara ɗaga hannu, shi da bai taɓa ɗagawa ba. Ya miƙe ya yi magana kusan minti goma, yana tuntuɓe a kowace kalma, gumi na zuba, kuma babu wanda ya yi motsi. Ya ce wanda ya rubuta labarin nan yana da baiwa, amma bai zauna ko minti ɗaya a ɗakin ɗinkin ba. Ya ce da ya zauna, da ya gane cewa mutumin ba mahaukaci ba ne, miji ne da bai gama maganarsa ba aka tashi. Ya ce in ba za ka iya tausaya wa mutum ba, ba ka da hurumin sa shi a takarda.

"Shekara ashirin ina koyar da wannan darasi," in ji Dakta Rohana, "ban taɓa faɗinsa da kyau kamar yadda yaron nan ya faɗa ba. Kin tabbata shi kaɗai ya san labarin? Ba ki taɓa rubuta shi a wani wuri ba?"

Nan take littafin atisaye ya faɗo wa Mastura a rai. Shafin ƙarshe, inda ta taɓa rubuta wa kanta komai wata rana da kewar gida ta dame ta.

Ta sami Elina a ɗakin karatu. Da farko Elina ta ɗaga kafaɗa ta ce ai labari ne kawai, marubuci kamar kaza yake, duk inda ya ga tsaba sai ya tsattsaga. Amma da Mastura ta ce mata wannan mutumin ubanta ne, kuma yana raye, sai Elina ta sauko. Ta ce tun ranar da Fauzan ya yi maganar nan ta kasa buɗe labarin, kuma ta riga ta janye shi daga wurin malama. Ta nemi gafara, ba da daɗin rai sosai ba, amma ta nema.

Mastura ta fito ta zauna a ƙarƙashin wata bishiya, ta buɗe lambarsa. Ta rubuta ta goge ya fi sau goma.

"Abang, na yanke maka hukunci ban saurare ka ba, kai da kake sauraron kowa. Ba ni da abin cewa sai ka yafe min."

Amsar ta ɗan jima.

"Mas, layin farko ya yi. Na biyu ma ya yi. Babu gyara. Ina kantin abinci, shayinki na hucewa tun sati uku."

Ta je da gudu-gudu, tana dariya tana share ido.

Sai dai ba a gama ba. Hutun zango na zuwa, takardar sakamako ta riga ta isa gida. Mastura ta tarar da Abah zaune a baranda da takardar a cinya, tabarau a kan hanci. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya yi. Ya tambaye ta ko rubutun ƙirƙira sabon sunan kasuwanci ne a jami'a. Ta durƙusa ta faɗi gaskiya duka, har da Fauzan, tunda ta ga in an fara wanka gara a cuɗa.

Shi ma yana da nasa labarin. Iyayen Haikal, ɗan amininsa, likita a Alor Setar, sun aiko a tambaya ko furen gidan, wato Mastura, yana da mai shi. Yaro ne natsattse, an san asalinsa, kuma likita da mai magani ai kamar tukunya da murfi ne.

"Abah, ban ce Haikal yana da aibu ba," in ji ta.

"To shi wannan fa? Ɗan masunta bai dame ni ba, kakanki ma noma ya yi. Amma mutumin da sana'arsa kwasar maganar mutane ya kai kasuwa, shi zan shigo da shi gidana? Mai rubuta labari ba ya da ciki, Mastura. Abin da ya ji da safe, da yamma yana takarda. Kuma an ce ko sunansa ba ya iya faɗa."

Ta san rabin maganarsa ta taɓa zama gaskiya a gabanta, a hannun Elina. Ya ce darasin ta ƙarasa tunda saura kaɗan, ba ya son abin da aka fara a yar. Yaron kuwa ta cire shi daga rai.

Ta tura wa Fauzan saƙo daga bayan gida, wajen bishiyar kwakwa.

"Abah ya ce a'a. Ya ce marubuci ba ya riƙe sirri."

"Kada ki yi masa gardama, Mas. Bai san ni ba, kuma tsoronsa na gaskiya ne. Ki ci abinci. Ki gaishe min da Tok."

Tok Esah ita ce kakarta, mahaifiyar Abah, 'yar shekara tamanin da takwas, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta ke jin faɗuwar allura a gidan maƙwabta. Duk abin da aka yi a baranda ta ji shi daga ɗaki.

Aikin ƙarshe na darasin shi ne kowa ya rubuta rayuwar wani dattijo da ya haura tamanin, da sharaɗin kada ya zama danginsa. Sai ɗalibai suka riƙa musayar kakanni. Mastura ta ɗauki wani tsohon maƙerin jirgin ruwa, kawun mahaifin Fauzan. Da ta faɗa wa Tok a waya cewa ana neman tsofaffi, tsohuwar ta ce a turo mata wannan mai maƙalewar harshen, tana so ta ga abin da ake ta hayaniya a kai. Abah ya ce ba zai yiwu ba. Tok ta ce ita a gidan mijinta take zaune, kuma ba ta tuna ranar da ta fara neman izinin wanda ta yi wa wanka ba.

Asabar huɗu a jere Fauzan ya hau bas ya zo Yan. Yakan iso da hantsi da busasshen kifin mahaifiyarsa a leda, ya zauna a tabarma ƙasa da kujerar Tok, ya tafi kafin la'asar. Mastura tana Penang, ba ta zo ko sau ɗaya ba, don kada a ce dabara ce. Abah kuwa in ya dawo cin abincin rana yakan amsa sallamarsa a taƙaice ya wuce. Amma yana ji. Yana jin mahaifiyarsa, wadda ke ƙorafin ba ta da ƙarfin magana, tana zuba kamar an fasa tulu, wani lokaci dariya, wani lokaci shiru mai tsawo da yaron ba ya katsewa.

A Asabar ta biyar Fauzan bai nufi gida ba, kanti ya je. Ya jira har masu sayen magani suka ragu, ya ajiye takardu shafi talatin a kan kanta, ya ɗora jan bironsa a kai. Ya ɗauki lokaci kafin maganar ta fito, Abah kuma, ga mamakin kansa, ya tsaya ya jira.

"Pak Haji, ba zan mi-miƙa ba sai ka gani. Abin da ka soke, ya soku. In ka ce duka, to duka."

Abah ya karanta a ranar, bayan ya rufe kanti da la'asar. A shafi na sha ɗaya ya tarar da kansa yana ɗan shekara uku, zazzaɓi na cin sa, a shekarar da ruwa ya shanye gonaki ya yanke hanya. Mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba. Babu ƙwayar magani ko ɗaya a ƙauyen. Mahaifiyarsa ta goya shi, ta ari kwalekwalen da ba ta iya tuƙawa ba, ta yi yini guda tana fama har ta kai shi asibiti, tafin hannunta duk ya saɓule. A hanyar dawowa ta yi alkawari tsakaninta da Ubangiji cewa in yaron nan ya rayu, magani zai sayar a garin nan, don kada wata uwa ta ƙara shiga kwalekwale.

Shekara sittin da ɗaya yana duniya, bai taɓa sanin dalilin da ya sa ta nace masa a kan wannan karatu ba. Ya daɗe zaune a kantin, tabarau a hannu.

Da ya koma gida ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya masa ba. Ta ce bai taɓa zama ya tambaya ba, kullum yana sauri. Sannan ta ce ya karanto mata abin da yaron ya rubuta a kan kishin da ta yi da ƙanwarta, da abin da ya faru tsakaninta da surukarta, da maganar ɗakin ɗinki. Abah ya juya shafuka ya ce babu ko ɗaya a ciki.

"To duk na gaya masa," in ji Tok. "Da gangan. Har abin da ban gaya wa ubanka ba. Na ce bari in zuba masa tsakuwa da shinkafa in ga wanne zai dafa. Kai kuma kana can kana cewa ba ya da ciki."

Washegari Abah ya mai da takardun cikin ambulan. Gyara ɗaya ya yi da jan biron, sunan rafin da aka tsallaka, wanda Tok ta rikita da wani. A ƙasa ya rubuta: ka turo manyanka bayan kun gama jarrabawa.

Fauzan ya ɗauki hoton layin ya tura wa Mastura, bai ƙara komai ba. Tana cikin ɗakin gwaji ta gani, ta zauna a kan kujera ta rufe fuska da hannu biyu, har malamin ya zo yana tambaya ko wani abu ta shaƙa.

Abah da kansa ya je gidan su Haikal ya ba da haƙuri. Haikal ya nuna halin girma, ya ce dama ya lura duk lokacin da ya gaishe da Mastura hankalinta na wani wuri. Mastura da Fauzan suka gama karatu a shekara ɗaya. Labarin Tok da na maƙerin jirgi suka fito kusa da juna a ɗan littafin da ajin ya buga, Abah ya sayi goma ya ajiye a kanti, yana nuna wa duk wanda ya zo sayen maganin tari. Fauzan ya sami aiki a wata cibiyar kiwon kifi da ba ta da nisa da Yan, Mastura kuma ta shiga kanti gefen mahaifinta, da littafin rubutu a ƙarƙashin kanta, wanda yanzu ba ta ɓoyewa.

Aka sa biki bayan girbin shinkafa. Abin da ke damun kowa, ko da ba a faɗa ba, shi ne ɗaurin auren. A al'adarsu ango ne da bakinsa zai karɓi aure, hannunsa cikin hannun waliyyi, ya faɗi jimlar a numfashi ɗaya, a fili, shaidu su ce ta yi. Samari masu lafiyar baki ma sukan maimaita sau uku.

Ranar, masallaci ya cika. Mastura na zaune bayan labule cikin fararen kaya, hannunta a cikin na mahaifiyar Fauzan. Abah ya ƙi wakilta liman, ya ce shi zai aurar da 'yarsa. Ya kama hannun Fauzan, ya faɗi nasa, ya girgiza hannun, alamar ango ya karɓa.

Fauzan ya fara, ya kai sunanta, ya tsaya cak. Wani daga baya ya yi gyaran murya. Mastura ta runtse ido.

Sai ta ji muryar Abah, ƙasa-ƙasa, da wani taushi da rabonta da ji tun tana yarinya.

"Babu inda za mu je, ɗana. Ka sha ruwa. Ni na jira, kowa ma zai jira."

Aka miƙo ruwa. Abah ya sake kama hannun, ya sake faɗa. Wannan karon jimlar ta fito tun daga farko har ƙarshe, a hankali, ba ta karye ba. Shaidu suka haɗa baki suka ce ta yi, masallaci ya ɗauki hamdala, mahaifiyar Fauzan ta rungume Mastura tana kuka tana cewa 'yata, 'yata.

Da rana aka yi ta buga ganguna, aka zaunar da ango da amarya a kan kujerun ado cikin tufafi masu ruwan zinariya, dangi na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yayyafa musu ruwan fure da shinkafa a tafin hannu. Dakta Rohana ta zo da rabin ajin, har da Elina, wadda ta tsaya daga baya-baya amma ta yi addu'a da gaske. Yara na ta wawar dafaffen ƙwai da aka ƙawata da furanni.

Aka riƙo Tok Esah ta hau matakalar da ƙyar. Ta yayyafa musu ruwan, ta shafa kan Mastura, ta laluba ta kamo kunnen Fauzan ta ɗan ja.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da arziki mai albarka," in ji ta. "Allah ya ba ku 'ya'ya masu surutu, su rama wa ubansu. Kuma ku yi sauri, ni ba zan jira kamar Ramli ba."

Wurin ya kwashe da dariya. Mastura ta waiga ta ga Abah a gefen rumfa, shi ma yana dariya har yana riƙe ciki, mutane na juyowa suna kallonsa don da yawansu ba su taɓa ganin haƙoransa ba. Fauzan ya sunkuyo ya ce amin a kunnenta, ita ma ta ce amin, jama'a suka amsa gaba ɗaya. Allah ya sanya albarka, ya bar su tare.